Bencin Ƙarfe na Ƙofar Gidan Baba

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ana sallame salla muna shiga mota, ni da mijin ƙanwata wanda zai tsaya a Agadas karɓar kaya. Ƙanwata ta biyo mu har tasha da ƙunshin kilishi da gorar fura, tana maimaita mini abin da ta riga ta faɗa sau goma a waya. Baba ya rame, yana tari, kuma ya rantse ba mai raba shi da Arlit. Tun rasuwar mahaifiyarmu, shekara biyu ke nan, shi kaɗai yake kwana yake tashi a gidan. Ta ce abu ɗaya ya rage masa a garin, fadar hira da shayi da suke yi da tsofaffin abokan aikinsa a ƙofar gida bayan la'asar. Aikina shi ne in lallashe shi ya dawo Damagaram wurinta. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai gyara ne sana'ata.

Daga Tanut itatuwa suka fara ja da baya, gonakin gero suka ƙare, sai fili da raƙuma jefi-jefi. Bazara ce, iskar da ke shigowa ta taga kamar an buɗe murhu. A kowane shinge sai mu sauka, a tattara katunan shaidarmu, a kira suna ɗaya-ɗaya kamar ƴan makaranta. Rabin motar samari ne masu zuwa haƙar zinariya a Tchibarakaten, kowa ya naɗe na'urar neman zinariyarsa cikin bargo ya rungume, ya bar jakar tufafinsa a saman mota tana shan rana. A Aderbissinat, inda muka tsaya cin shinkafa da wake, na buɗe jakata neman magani, ɗaya daga cikin samarin ya hango wata ƴar na'ura ruwan ɗorawa da nake ɗauke da ita. Nan take ya matso ya ce in faɗi kuɗinta. Na ce ba ta ganin zinariya. Ya ce to me take gani? Na ce abin da ba wanda yake so ya samu. Ya dube ni ya koma wurinsa, daga nan har Agadas bai sake yi mini magana ba.

Tunda na ambaci na'urar, bari in faɗi aikin nawa, don da yawanku kun sha tambayata ina zillewa. Shekara tara ke nan ina wata ƙasar Turai, a wani ɗakin bincike inda muke fama da haɗa kwamfutar da ake kira kwantam. Zuciyarta wani ɗan faranti ne da bai wuce farcen babban yatsa ba, a kansa akwai ƴan ƙwayoyin lissafi da ake ce wa kubit. Ƙwayar kwamfutar da kuka sani, ko a kunne take ko a kashe. Kubit kuwa tana iya riƙe halin biyu a gauraye, kuma daga nan ƙarfinta yake. Sai dai ba ta jure komai. Ɗan zafi, ɗan girgiza, ɗan maganaɗisu, sai ta saki abin da take riƙe da shi, lissafi ya lalace. Don haka muke rataye farantin a ƙasan wani firji mai hawa-hawa, kowane hawa ya fi na samansa sanyi, har a can ƙasa a kai sanyin da ya wuce na sararin samaniya. Sannan mu rufe shi da gwangwani cikin gwangwani.

Ni nawa ɓangaren shi ne farautar abin da ke damun ƙwayoyin. Mun taɓa shafe wata uku muna neman dalilin da ya sa guda ɗaya take ɓata lissafi, ashe wani ɗan noti ne da aka shafa wa ƙarfe mai maganaɗisu. Aka kwance shi aka jefar, aka zauna lafiya. Haka aikin yake, ka gano mai laifi, ka cire shi, ba shawara da kowa. Abin da ya fi ɗaure mini kai a aikin shi ne tiririn nan da ido ba ya gani, wanda uraniyom da danginsa suke fitarwa. Ɗan burbushin da ke cikin simintin bangon ɗakinmu kaɗai ya isa ya harbi farantin, ƙwayoyi da yawa su rikice a lokaci guda. Har tubalan dalma muke jerawa kewaye da firjin. Ranar da aka yi mana wannan bayani kowa yana rubutu, ni kuwa hankalina ya tafi Arlit, garin da aka haife ni, inda tulin ƙasar da aka tace uraniyom daga cikinta ya fi kowane gini tsawo. A makon na sayi ƴar na'urar awon tiriri da kuɗina. Shekara uku tana cikin durowa, sai a wannan tafiya na ɗauko ta.

Mun kwana a Agadas. Da safe na sayi cuku da dabino na tsarabar Baba, na yi sallama da mijin ƙanwata a gindin hasumiyar masallaci, ya nufi kasuwa, ni kuma na nufi tashar Arlit. Daga nan ban sake samun wanda na sani ba. Hanyar, wadda ina yaro ake fahariya da ita, yanzu sunan kwalta kawai ya rage mata. Direbanmu ya fi tafiya a gefenta, cikin rairayi, sai ya riƙa hawa kanta lokaci-lokaci kamar mai gaisuwar dole. Manyan motoci masu zuwa Assamakka, can kan iyaka, suna wuce mu a karkace saboda kaya. Da muka zo mararrabar Imouraren, inda aka daɗe ana shirin haƙar uraniyom, direban ya nuna da haɓa ya ce tun yana saurayi ake cewa za a yi babban gari a can, ga shi har ya yi furfura. Kowa yana riƙe da kujerar gabansa.

Mun shiga Arlit rana ta karkata. Na san garin kuma ban san shi ba. Ramin haƙar uraniyom da Baba ya yi wa aiki an rufe shi shekarun baya, unguwar ma'aikata inda na yi wasa ta zama gidaje jere ba labule, wasu ma ba ƙofa. Ina yaro da jiniya muke sanin lokaci, manyan motoci su kwashi iyayenmu su dawo da wasu. Yanzu babura ne da masu tura ruwa. Komai na ci daga nesa yake zuwa, don haka komai da tsada. Tumatir huɗu da ƙanwata za ta karɓa gyara a Damagaram, a nan sai da mai sayarwa ya jera mini su ɗaya-ɗaya kamar ƙwai.

Na sami Baba a zaure. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana tambayar hanya, yana kallon wani wuri daban. Gaskiyar ƙanwata, rigarsa ta yi masa yawa. Shekara talatin ya yi yana aikin lantarki a ƙarƙashin ƙasa, shi ke kula da allunan da ke sarrafa famfunan ruwa da fankokin iska, kuma har yau in ya ga waya a kwance sai ya naɗe ta. Ɗakin mahaifiyarmu a kulle yake. Abinci daga maƙwabta yake zuwa, matar gidan, wata Bamaraɗiya mai faɗa da kirki, ita ke aiko masa safe da dare. Na ɗauko maganar komawa Damagaram tun ban wanke ƙafa ba. Ya ce in sha ruwa tukuna.

Ana idar da la'asar suka fara zuwa, su biyar. A ƙofar gidan akwai wani dogon benci na ƙarfe, an yi shi da bututu da falle, ya yi santsi saboda zama. Baba Idi ne ya haɗa shi, wani Ba'adare ɗan Tawa da ya yi aikin walda a ramin, mutum mai babbar murya da guntun haƙuri. Mai dafa shayin kuwa Aghali ne, mutumin Abzin, tsohon direba, wanda ke zuwa da butarsa a hannu kullum don bai yarda da ta kowa ba. Kowa da wurin zamansa, ba mai taɓa na wani. A ƙarshen bencin na hagu ba mai zama, nan suke ɗora rediyo. Ni aka ba ni kujerar roba a gefe. A zaman nan na ga Baba ya zama wani mutum, yana gardama, yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Suka sa ni gaba sai na faɗa musu aikina. Na yi bayanin firji da gwangwani da dalma, suna gyaɗa kai irin na ladabi. Baba ne kaɗai ya ajiye kofinsa.

“To, in kun rufe ta haka ruf, ta ina kuke ba ta umarni?”

Na ce ai nan ne ciwon kanmu yake. Dole a saukar da wayoyi daga ɗaki mai ɗumi har ƙasan firjin, ta nan muke aika ƴan sigina masu juya ƙwayoyin, ta nan kuma muke karanta amsa. Amma kowace waya da zafinta da hayaniyarta take sauka. Sai mu sa mata matatai a kowane hawa. In matatan sun yi kaɗan, hayaniya ta kashe lissafi. In sun yi yawa, umarnin ma ba ya isa da ƙarfinsa. Kuma abin da ka daidaita yau, gobe da safe ya goce, sai an sake.

“Waya nawa ga kowace ƙwaya?”

“Biyu, wani lokaci uku.”

“Kuma ƙwaya nawa kuke nema?”

“Dubbai, Baba. Ana ma maganar fiye da haka.”

Ya yi lissafi da leɓe, sannan ya yi dariya. “Ba firjinku ne ƙarami ba. Wayarku ce ta yi yawa. Ku nemi yadda waya ɗaya za ta yi wa goma magana.” Na ce wallahi abin da manyanmu suke kwana suna tashi a kai ke nan. Baba Idi ya ce a kawo masa firjin ya walde shi kowa ya huta. Rabon da in ji daɗin maganar aikina haka, na manta. A can inda nake, mutane suna fahimtar aikin amma ba su san ni ba. A gida kuwa an san ni, aikin ne ba a tambaya.

Washegari da safe Baba ya tafi ta'aziyya Akokan, nan gefen gari, ya ce sai azahar. Na ɗauko na'urata na bi gidan. Tana yin ƙara ƙyas, ƙyas, in ta ji tiriri, yawan ƙarar shi ne yawan abin. Na auna ɗakinsa, randar ruwa, ƙofa, tukwanen mahaifiyarmu, duk ba abin tayar da hankali. Har na fara jin kunyar kaina. Da na fito waje na kanga ta a kan bencin, sai ƙarar ta ƙaru. Na ja ta zuwa ƙarshen hagu, ta ruɗe kamar ana toya gyaɗa. Fallen da ke wajen, ga alama, daga tarkacen wurin aiki ya fito, irin wanda a da ake samu a kasuwar ƙarafa. Ba abin da zai kayar da mutum a rana ɗaya ba ne. Amma na tuna awa biyu, awa uku, kullum, shekara da shekaru, na tuna tarin Baba.

Ban tsaya tunani ba, don a ganina ba abin tunani. Na san in na jira shi zai ce a bari. Na tare mai amalanken jaki, muka ɗora bencin, na raka shi har bayan gari inda ake tara irin waɗannan ƙarafa. A hanyar dawowa na biya wurin kafinta na ba da aikin sabon benci na katako, ya ce kwana uku. Na dawo na share ƙofar gidan tas, na yayyafa ruwa. Rediyon na shigar da shi zaure. Na zauna ina jiran Baba, ina jin kaina kamar wanda ya yi abin kirki.

Da ya dawo ya tsaya a ƙofar. Ƙafafun bencin sun bar ramuka huɗu a ƙasa waɗanda tsintsiya ba ta iya sharewa ba, su ya tsaya kallo. Ya ce, “Ina benci?” Na zuba masa bayani, na nuna masa lambobin da na rubuta. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, “To.” Ya shige ciki.

Ranar bai fito bayan la'asar ba. Ni na zauna a bakin zaure ina jira in yi wa tsofaffin bayani. Aghali ne ya fara ɓullowa daga kwana da butarsa. Ya hango ƙofar, ya rage tafiya, ya ɗaga mini hannu daga nesa, ya juya. Sauran ban ma gan su ba. Rana ta biyu Baba ya shimfiɗa tabarma a waje, ya hura gawayi da kansa, ya wanke kofuna shida. Muka zauna ni da shi har aka kira magariba. Masu wucewa suna gaishe shi yana amsawa, idonsa yana kan kwanar. Rana ta uku kafinta ya kawo sabon benci yana ƙamshin fenti. Baba ya zauna a wannan ƙarshe, ni a wancan, tsakaninmu wurin mutum huɗu. Ya dafa shayi har zagaye uku, bai sha ko ɗaya ba. Ban taɓa ganin mutum shi kaɗai irin yadda na ga mahaifina a kan bencin nan ba, kuma ina zaune kusa da shi.

Maƙwabciyar ce ta buɗe mini ido, da ta zo karɓar kwanoninta. Ba ta ko sassauta murya ba.

“Kai ɗan nan, karatun naka bai haɗa da zaman mutane ba? In mai gida ya ɗauke mazauni daga ƙofarsa ba tare da ya faɗa wa kowa ba, ai ya sallami jama'a ke nan. Ga ɗa ya zo daga Turai, kwana ɗaya an kwashe benci an share wuri. Me kake so su ce? Cewa suka yi ka ga ba su dace da ƙofar ubanka ba, shi kuma ya yarda.”

Na ce to me ya hana Baba ya je ya gaya musu gaskiya?

“Ya je ya ce me? Ya ce ɗansa ya yi masa iko da ƙofar gida yana raye? Ko ya ce ɗansa ba shi da hankali? Zaɓar masa ɗaya.”

Ta ɗauki kwanoninta ta fita. Kwana biyu suka rage mini a garin.

Da safe na tafi wurin Baba Idi. Na same shi a rumfar waldarsa, ba wuta ba aiki, yana zaune a kan tsohuwar taya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na ce na zo ba da haƙuri, Baba bai san komai ba, ni na yi. Na fito da na'urar zan nuna masa dalili.

“Aje abin ga,” in ji shi. “Shekara ashirin da bakwai muna rataya ɗan'uwanshi ga ƙirji, duk wata a amshe a kai awo. Kai za ka gwada muna tiriri?”

Na ce amma bencin yana da shi.

“Mun sani. Lokacin da niy yi shi ban sani ba. Daga baya masu awo sunka zo gari, sunka bi ƙohwa-ƙohwa, sunka ce gehen hagu na da abu. Ba ka ga ba mai zama nan ba? Rediyo muka azawa. Yara ko mun hana su hawa. Mu kau abin da za mu sha mun riga mun sha shi cikin rami.”

Na ce ko da haka ne, bai kamata ya zauna a ƙofar gida ba.

“Wa ya ce maka a'a? Da ka zo ka ce, Baba Idi, ga abin da na gani, da hannuna zan yanke hwallen in kai shi inda ka kai shi. Rabin awa. Mu shida munka ɗauko bututun ga bisa kai ranar da ubanka yat tare gidan. Biyu cikin masu ɗaukar sun rasu, wasu sunka maye wurinsu. Kai ko ka ba jaki.” Ya dube ni sosai a karon farko. “Can wurin aikinku haka kuke yi? In abu ya dame ku ku ɗauke ba sallama?”

Na ce haka muke yi.

“To.” Ya juya yana neman wani abu cikin akwatin ƙarafa. Na roƙe shi ya dawo ko don Baba. Ya ce, “Mu gani.”

Har yau ina kan bakana cewa fallen nan bai kamata mutum ya zauna kusa da shi ba. Amma na fita daga rumfar ina jin kunya irin wadda rabona da ita tun ina yaro. Na bi sauran gidajen huɗu a ƙafa cikin rana, ina durƙusawa ina maimaita magana ɗaya. Wani ya ce ba komai, da irin muryar da ke nufin akwai komai. Wani aka ce yana barci. Aghali ya shimfiɗa mini tabarma ya dafa mini shayi, ya saurare ni, sannan ya ce, “Ƙafata ya san ƙofar babanka shekara ashirin. Ran nan ya je, ya ga wuri fayau, ya dawo da ni gida. Sai na tambaye shi in zai koma.” Ya yi murmushi a bayan rawani, ban gane ko wasa yake ba.

Ranar ma ba wanda ya zo. Bayan magariba muna cin tuwo a tsakar gida, Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Ka ce wa ƙanwarka ta gyara ɗakin. Wataƙila bayan salla in taho. Zaman me zan yi?” Abin da aka aiko ni nema ke nan, na samu. Na ce Baba ka yafe mini. Ya ce, “Ai don ni ka yi.” Ya wanke hannu ya tashi.

Motar Agadas da hantsi take tashi, don haka na bar garin ban ga la'asar ɗin ranar ba. Baba ya raka ni tasha, ya gyara mini igiyar jaka da ta kwance, ya ce in gaida masu firji. Da motar ta juya na hango shi yana tafiya gida shi kaɗai, hannuwansa a baya. Hanyar dawowa ban ga komai a cikinta ba. Na san mun yi faci sau biyu, na san wata tsohuwa ta ba ni dabino na karɓa. A Damagaram na faɗa wa ƙanwata duk abin da ya faru. Na zaci za ta yi murna da zancen ɗaki, sai ta zauna a bakin gado. Ta ce ita Baba take so ya zo da ƙafarsa, ba wanda aka kora ba. Mun yi ta kiran wayarsa ba ta shiga. Daga nan na wuce Yamai, na hau jirgi.

Na dawo na tarar da aiki yadda na bar shi, ƙwayoyi biyu sun goce, ana jirana in nemo dalili. Masu tambayata abin da tafiyar ta koya mini, ga shi a taƙaice. Na iya gano abin da ke cutar da abu, wannan an koya mini kuma na ƙware. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi me kuma abin yake riƙe da shi ba kafin in cire shi, don a ɗakinmu noti ba ya riƙe komai sai ƙarfe. Tsofaffin nan sun san haɗarin kafin ni, sun auna shi da abin da suke samu a wurin, sun yi nasu tsarin. Ni ban tambaye su ba.

Kwana shida bayan dawowata wayar Baba ta shiga. Na daidaici bayan la'asar ɗin can da gangan, ina tsaye kusa da firjin, famfunansa suna ta bugawa. Ta daɗe tana ƙara, har na cire rai. Da aka ɗauka ba muryar Baba ba ce.

“Wa ke magana? A'a, mai ɗauke benci!” Aghali ne. A bayansa ina jin rediyo, da babbar muryar Baba Idi yana rantsuwa. “Katakonka yana da ƙusa, ya yage wa Idi wando, yanzu shari'a ake yi. Babanka shi ne alƙali, ba shi da lokacinka. Kira bayan magariba.”

Ya katse. Na daɗe tsaye da wayar a hannu. Daɗi ya kama ni har idona ya cika, sannan wani abu mai kama da kishi ya biyo baya. Abokan aikina duk sun tashi, an kashe fitilun baranda. Na jawo kujera na zauna kusa da firjin, na duba agogo, saura awa biyu a kira magariba a Arlit.